Gaisuwar da Ta Tara Mini Jama'a

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙarfin jiki? Ina Baba da yara? An kwaso dawar Tungan Magajiya kuwa? Ni dai karatu sai godiya.

Inna, zauna ki sha labari! Ranar Asabar ƙawata Kiyara, 'yar Italiya, ta kai ni garin kakarta, wani tsohon gari a kan tsauni, kewaye da ganuwar dutse. Lungunansa sun yi wa mota kaɗan, da ƙafa muka hau ina ta haki.

Muna isa na ga tsohuwar zaune a ƙofar gida, ban san lokacin da na zube gwiwa biyu ina gaishe ta ba. Sai ihu! Ashe sun ɗauka suma na yi. Wannan ta kawo ruwa, wancan yana mini fifita da jarida, wani har ya fara kiran asibiti. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na yi bayani Kiyara ta fassara, sai tsohuwar ta riƙe fuskata tana hawaye, ta ce in gode wa wadda ta haife ni. To, ga shi na isar miki da saƙonta.

A ci gaba da yi mini addu'a, jarrabawa ta matso. Ki gaishe da Goggo ta Auna. Kuma tsoron da kika yi a tashar Kontagora, wai kada Turai ta sandarar mini da gwiwa, ki kwantar da hankalinki, tana nan tana lanƙwasuwa.

'Yarki,
Hadiza