A Bar wa Inna Larabarta

Gidan Sori, bayan girbi.

Zuwa ga Yaya Hambali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Zulai da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka can Abijan. Mu nan lafiya lau. Hatsi ya shiga rumbu, wake ma ya yi, sai dai ƙafar Inna da ke motsa mata in ta daɗe a zaune.

Yaya, saƙonka ya iso, cewa daga yanzu sau ɗaya a wata za ka riƙa turo wa Inna kuɗi maimakon kowace Laraba, don abin da ake cirewa a kowane turi ya fara yi maka yawa. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa ranar kasuwa na tambayi Jibrilla, mai shagon da muke karɓar kuɗin, wai wa ke cin wannan ragin. Ya ce wani na kamfani ne, ɗan kaɗan nasa, sauran kuma, a yadda ya ji, lanhon gwamnati ne, wato haraji. Na ce ai mai karɓar lanho a kasuwa takarda yake ba mutum a hannu, to wannan ina tasa takardar? Ya yi dariya ya ce shi ma bai taɓa ganinta ba. Har yau ina mamakin yadda ake tare kuɗin da ke tafiya cikin iska a gutsure su. Can wajenku ma haka ake yi? Kuma in an gutsura, baitulmalin can suke shiga ko na nan? In na nan ne, ina son sanin ko suna komo mana ta wajen likita ko lakol, makarantar yara. Kai da ka ga gari, ka warware mini.

Na yi wa Inna bayani, na ce dabararka ta fi, za ta ma samu ƙari. Da Laraba ta zo, sai ta ajiye salula, wayar hannunta, a gefen tabarma tana ɓarar wake, tun hantsi har la'asar, salula shiru. Ko furar rana ba ta taɓa ba. Sai da na matsa sannan ta ce ita ba ta karatu, kai kuma ba mai yawan kira ba ne, ƙarar nan da salula ke yi in kuɗinka sun shigo ce ke shaida mata ka tashi lafiya har ka fita aiki. Ta ce in rubuta maka da bakinta: "Su cire abin da za su cire. Ko dala ce ta rage, a bar mini Larabata."

To Yaya, na isar. Ni dai ban iya sake yi mata lissafin riba ba.

Ka gaishe da Zulai da Ihsan da Bilyaminu. Kawu Nomau da Habiba suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Saliha