Daga Legas Aka Riga Ni Zuwa Tsafe

Zuwa ga Alhaji, shugaban tashar da na shiga mota a Gusau. Ba zan kama sunanka ko na tasharka ba, ka san kanka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da direbobinka, ni malamar firamare ce a Furfuri, kuma da ɗacin rai nake rubuto maka.

Na farko. Wata Talata da asuba aka kira mu, ni da yayana da ke Legas, cewa jikin Inna ya tsananta a Tsafe. Inna ta daɗe da bar mini wasiyya cewa idan ta cika ni zan yi mata wanka, kada wata ta taɓa ta. Ƙarfe goma ina tasharka. Ɗan kamasho ya rantse mini saura mutum biyu mota ta cika. A bakin titi akwai wata da ke shirin tashi, na ƙi ta, don yadda hanya ta lalace da masu satar mutane, ba mai hankalin da zai shiga motar da bai san asalinta ba. Na amince da tasha.

Na biyu. Ashe ƙarti huɗun da na tarar a ciki ba matafiya ba ne, mutanenka ne da kuke zaunarwa don a ga kamar mota ta kusa cika. Da fasinja na gaske ya zo, sai ɗaya ya zame kamar zai je kama ruwa, shi ke nan. Har da mai rungume da jakar da ba komai a cikinta, yana hamma kamar wanda ya fi kowa sauri. Matafiya kuwa ɗai-ɗai suke zuwa, tsoro ya hana mutane bin hanyar. Sau uku ina roƙon a sauko mini da kayana, ina gaya musu uwata ce kwance, ana cewa an riga an ɗaure, kuma saura mutum ɗaya. Sai wajen ƙarfe uku muka tashi, ga tsaye-tsaye a shingayen bincike.

Na uku. Yi lissafi, Alhaji. Yayana ya hau jirgi daga Legas zuwa Kano, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ya ɗauki shatar mota ya biyo ta Funtuwa, ya sami Inna da sauran numfashi. Ni kuwa da Gusau zuwa Tsafe bai fi mini awa guda ba, a ƙofar gida na ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta. Sun jira ni har suka gaji, ga zafi, ga 'yan'uwa na ƙauye da dole su koma kafin rana ta faɗi. Maƙwabta suka yi mata wanka.

Na san ajali ba a hannunka yake ba, kuma ban ce kai ka lalata hanya ba. Amma ƙaryar nan taku ce. Da an gaya mini gaskiya tun da hantsi, da na san dabarar da zan yi.

Ina roƙonka ka hana zaunar da fasinjan ƙarya. A riƙa faɗa wa matafiyi ainihin mutum nawa suka rage, kuma duk mai lalura da ya nemi kayansa a kwance masa.

Allah ya tsare direbobinka a hanya, ya ba ka ikon gyarawa. Ranar da taka mahaifiyar za ta neme ka, Allah ya kai ka a kan lokaci. Abu ɗaya tak Inna ta taɓa roƙona a duniya, ban yi mata ba.

Wassalam.

Wata malama daga Furfuri, Bungudu.