Bakin Dada

Litinin, 3 ga Yuni, 1974
Ina tsakiyar darasi a makarantar da nake koyarwa a Gaya saƙo ya zo daga Gafasa: Dada ta faɗi a bakin rijiya. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ko allin hannuna ban wanke ba na hau keke.

Ni ne ɗan farinta. Tun yaye Goggo Hure ta tafi da ni Kademi. Shekara talatin da huɗu, in na zo gaisuwa sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Sunana kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. Yau ta kalle ni ido cikin ido, ta riƙe hannuna da hagunta har la'asar. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Juma'a, 7 ga Yuni
Asibiti, Kano. Likitan baƙo ne, Hausarsa 'yar kaɗan. Ya zana mini ƙwaƙwalwa a bayan takarda. Ya ce samanta a rabe yake kamar gonakin gandu, kowane yanki da aikinsa: na gani, na motsi, na tsara tunani. A hagu, wajen gaba, nan ake ƙera magana. Can baya kusa da kunne ake fahimtarta. Na gaban ne jini ya yanke wa. Wato tana jin komai, tana sane, fitarwar ce ta gagara.

Na ninke takardar na sa a aljihu.

Asabar, 22 ga Yuni
"To, to." Iyakar abin da take faɗa ke nan. Amma da Kubura ƙanwata ta ja Fatiha, sai ga Dada ta bi ta tiryan-tiryan har amin. Ikon Allah! Ni nake ba ta kunu duk Asabar. Goggo Hure ta tarar da mu ta riƙe baki: "Badaru, yau kai ne a kan tabarmarta? Lallai ciwo bai san kunya ba."

Lahadi, 30 ga Yuni
Gero ya kai gwiwa. Ta ce "ruwa".

Talata, 16 ga Yuli
Mun koma wurin likita. Ya ɗaga cokali, Dada ta faɗi sunansa da ƙyar. Ya nuna Kubura, ta faɗa. Ya nuna ni: "Wannan fa? Sunansa?" Ta sunkuyar da kai. Ya girgiza kai ya yi rubutu, ya ce wasu sunayen sukan makara, in riƙa zama gabanta ina maimaita mata nawa kullum. Kubura ta cusa mayafi a baki don kada dariya ta kufce mata.

Na san ba ƙwaƙwalwa ba ce. Da na yi masa bayani da Turanci, minti ɗaya ya isa. Ban yi ba.

Asabar, 27 ga Yuli
Na zauna gabanta, wai umarnin likita. "Ba-da-ru. Dada, ce Badaru." Sau uku. Ta zare hannunta daga nawa a hankali, ta juya ga bango. Kubura ta ja ni waje: "Yaya, ka ji tsoron Allah. Sauƙi ne ya zo mata, kai kuma kana nema ka kunyata ta."

A hanyar Gaya na kama zuciyata tana cewa da ma ciwon ya ƙara ko wata ɗaya. Astagfirullah. Wane irin ɗa ne ni?

Asabar, 3 ga Agusta
Ban je ba. Na ce ruwa ne.

Asabar, 17 ga Agusta
Na je. Na yi gaisuwa daga bakin ƙofa kamar da, ta amsa wa bango. Ina daidaita kacar keke a bayan zana sai na ji ta, kalma ɗaya-ɗaya, tana hutawa a tsakani:

"Kubura. Wancan... ya rame. Zuba masa... da yawa."

Jimla guda cur, likita zai yi murna. Na riga na ci a gidan Goggo, amma na zauna nan bayan zanan na cinye tas. Kacar ba abin da ya same ta. Na daɗe ina gyaranta, ko za ta ƙara cewa wani abu.