Lambun Mama Yana Cin Rufin da Baba Ya Zuba

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mahaifinmu magini ne, Allah ya jiƙansa. Da hannunsa ya zuba rufin kankaren gidanmu. Har yau ina tuna ƙamshin ɗanyen siminti a rigarsa. A saman rufin nan ya jibge wa Mama ƙasa ta yi lambu, tumatir da furanni. Can muke shan iska da yamma, yana tsokanarta wai ta fi son tumatirinta a kansa. Tun da ya rasu ba ta taɓa fashin ba su ruwa ba.

To an daɗe wani jan tabo yana fitowa a saman ɗakinta, mu kuma muna shafe shi da fenti. Makon jiya sai wani ɓangare ya ɓantare ya faɗo gefen gadonta. Ga rodin ƙarfen da ke cikin kankaren a fili, tsatsa ta cinye shi, yana marmashewa a hannu. Yayana ya ce a rushe kawai. Mama ta ce aikin mijinta ba ya faɗuwa, ba inda za ta. Ni wallahi tsoro nake ji, amma in na tuna Baba a saman nan sai in ji ba na so a rushe shi.

'Yar Magini

'Yata, Allah ya jiƙan Baba. Amma yau ɗin nan a canza wa Mama ɗaki, kowa kuma ya daina hawa rufin.

Ruwan lambun ne ya yi ta ratsa kankaren har ya kai ga rodi. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya fasa siminti daga ciki. Fenti ido kawai yake rufewa.

Yayanki ya yi gaskiya da ya tsorata, amma ya yi garaje. Ku kira injiniyan gini ya duba, wani rufin yana gyaruwa. Mama kuwa ba taurin kai take yi ba, kewar mijinta take yi. Kada ku ce mata aikinsa ya lalace, shekarunsa ya yi. Ku sa ma'aikata su sauko da shukokin da ƙasarsu zuwa tsakar gida, ita ta nuna inda kowanne zai zauna.

Sannan ki zauna kusa da ita ki tuna mata: don ya kare ta Baba ya zuba rufin nan. Da yana raye, shi zai fara ɗauke gadonta.

Allah ya tsare ku, ya ƙara wa Mama lafiya.

Antinku