Shuɗin Tagar Ellerbruch

Litinin, 13 ga Janairu, 1997

An koma makaranta. Aji ya cika, har da sababbi da ba su san ta inda ake riƙe mayankin gilashi ba. Na ɗauki falle ɗaya, na ja masa layi, na ƙwanƙwasa ta ƙasa, ya rabu biyu ba gardama. Suka matso suna kallo. Shekarata sittin da takwas, hannun nan bai taɓa rawa ba.

Tagar gilashi mai launi da nake yi wa Ellerbruch ta kusa. Gidan jinya ne na waɗanda likitoci suka gama iyakar ƙoƙarinsu a kansu, tagar kuwa ta ɗakin addu'arsu ce, a bangon kudu. Yawancinsu a kan gado ake turo su ciki. Sista Hiltrud, shugabar gidan, so take a ɗora kafin bikin Ista. Za ta samu. Kogi na yi musu, shuɗi tun daga sama har ƙasa, ba mala'ika, ba fuskar kowa. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi kawaici a littafin da ni kaɗai ke karantawa ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yaya Trautel ta kalli ƙafata da safe ta ce, "Almuth, wannan kuma sabon yayi ne na masu zane? Safa ɗaya baƙa, ɗaya shuɗiya?" Na duba. Duk baƙaƙe ne. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan nan ba ta da aikin da ya wuce sa mini ido.

Na faɗa mata gishiri ya yi yawa a miyar dankalinta. An yi canjaras.

Juma'a, 24 ga Janairu

Raina a ɓace yake, bari in rubuta ko zai sauka.

Gesine Wollbrink ce. Ta haura arba'in kafin ta shigo ajina, da can allunan shaguna take rubutawa. A shekarun nan ban samu ɗaliba kamarta ba, shi ya sa duk Juma'a take zuwa ɗakin aikina tana taya ni. Yau mun jingina ɓangarorin ƙasa na tagar a jikin babbar taga ta ɗakin, rana ta leƙo. Ɗalibai biyu na nan suna share dalmar da ake haɗa gilashin da ita. Gesine ta miƙa hannu cikin hasken da ya zubo, ta daɗe tana kallonsa.

"Malama, dubi hannuna."

"Na gani. Hannu ne."

"Kamar na gawa."

Na ce mata shuɗin nan laushi gare shi kamar hayaƙi, da kaina na tsince shi falle-falle. Ta ce, "Ba shi da laushi, Malama. Ihu yake yi. Mutanen da za a kwantar a ƙarƙashinsa da ransu, 'ya'yansu za su shigo su tarar da fuskarsu a haka."

A gaban yara. Na ce mata lokacin da nake zaɓar wa manyan majami'u shuɗi, ita tana can tana rubuta wa mahauta sunayen tsiran alade a allo. Ta wanke hannu, ta rataye rigar aiki, ta fita.

Maganar ta yi kaifi, na sani. Amma gaskiya ce.

Juma'a, 31 ga Janairu

Gesine ba ta zo ba. Aji ma ba ta zo ba ran Laraba. Ni kaɗai na ɗaga ɓangaren tsakiya, bayana yana faɗa mini.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ƙaramin abu ne, Yaya ta mai da shi babba. Muna dawowa daga kasuwa, rana ta yi ƙasa, titi a jiƙe, haske ya cika gilashin mota. Ban ga matar da ke raba wasiƙu a kan keke ba sai da Yaya ta damƙi hannuna. Na kauce, na ture kwandon shara na wani gida. Ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Matar ma dariya ta yi.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta zare makulli ta jefa a jakarta ta ce, "Sai likitan ido ya gan ki." Na ce ni ba yarinya ba ce. Ta ce, "Ni na goya ki, ni zan faɗi ranar da kika girma."

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yanar ido ce, a ido biyun. Likitan, wanda na girme wa uwarsa, ya ce ta daɗe, a hankali take rufewa shi ya sa mutum ba ya lura. Wai ƙwayar idona ta koma kamar ruwan shayi. Zai fara da na dama nan da mako biyu, na hagu sai bayan Ista. Yana rubutu yana cewa, "Za ki sha mamakin launuka bayan aikin." Na ce masa tun kafin a haife shi launuka ke ci da ni.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na gama liƙe dalmar ɓangaren ƙarshe. Saura cusa kwaɓi a bakin gilashi da gogewa. Na zauna da kofi ina kallonta har rana ta juya. Natsuwa gare ta, irin ta ruwa mai zurfi da yamma. Duk wanda ya mutu yana kallon wannan bai yi asara ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

An yi. Ba zafi. Ido a ɗaure, Yaya na karanta mini jarida tana tsallake duk abin da nake son ji.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An cire bandeji.

Labulen kicin fari ne. Ni a sanina ruwan madara ne, har na taɓa yi wa Yaya faɗa cewa ba ta wanke shi da kyau. Wutar gas da ke ƙarƙashin buta kuwa, na tsaya kallonta har ruwa ya tafasa ya zube. Na manta haka shuɗinta yake. Idan na rufe na dama, kicin ya koma yadda na san shi, kamar an shafe shi da zuma. Idan na rufe na hagu, wani gida ne.

Fuskar Yaya ta fi yadda nake zato tsufa. Ta ce tawa ma haka, ta dai yi shiru ne.

Ban sauka ɗakin aiki ba. Likita ya ce a guji ƙura.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na sauka.

Da idon hagu, tagata ce, wadda na yi, mai laushi. Da na dama... Na sa hannu a cikin hasken kamar yadda Gesine ta yi. Farcena ya yi shuɗi-shuɗi, jijiyoyi sun fito baƙi. Na ga irin hannun nan sau ɗaya, a kan zanin gado, ranar da Mama ta cika.

Ashe duk sanda idona ya cinye shuɗi, ni kuma sai in ƙara masa ƙarfi, in ce ai na da bai kai ba. Tun yaushe? Tagogi nawa? Na ƙi bin wannan tunanin, ba shi da amfani yau. Abin da ke gabana taga ɗaya ce, ba a ɗora ta ba tukuna, kuma hannuna lafiya lau.

Zanen dai daidai yake. Layukan dalma ba inda suka karkace. Wannan ba ido ya yi shi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yaya ta tuƙa ni gidan Gesine, a saman gidan burodi take. Na tarar da ita a tsakar gida da fenti har gwiwar hannu, tana sabunta musu allo. Ta miƙe.

"Malama. Me ya sami idonki?"

"An gyara shi."

Ta jira. Tun a mota na shirya magana mai tsawo, sai na ji ba ta fitowa. Na ce, "Ran Laraba zan je rumbun gilashi. An hana ni tuƙi."

"Direba kike nema?"

"Direba mai ido biyu."

Ta duƙa ta ci gaba da cike harafin da take kai, har na ɗauka shi ke nan. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Allon mahautan nan da kika faɗa, har yau yana nan a kan titin tasha. Mutane na tsayawa su kalla." Na ce na san shi, harufansa sun zauna, musamman na farkon. Da gaske nake, na daɗe ina ganinsa ban san nata ba ne.

Ta ce za ta zo da motarta, don tawa ta ji labarin abin da ta yi wa kwandon shara. Yaya ce ta baza shi. Ba wanda bai ji ba a garin nan.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Kafin mu tafi na ce mata duka za a warware. Ta tsaya gaban tagar ta ce a'a.

"Na sama a bar shi. Haskensa can bayan ɗaki zai sauka, kan bango da ƙofa, ba kan kowa ba. Kuma yana da kyau, Malama. Ni ba zan taɓa samun ƙarfin halin sa irin wannan shuɗin ba."

Na ce ni ma da ina gani ba zan sa ba. Ta yi dariya har da riƙe tebur. Ban ga abin dariya sosai ba, amma na ƙyale ta.

A rumbu mun yi ta jawo falle muna ɗagawa a ƙofa. Ruwan zuma, tsanwa mai haske, fari mai ɗan gizo-gizo a ciki. Kogin zai sauko daga zurfi ya ƙare a bakin gaɓa, inda ake hango yashi a ƙarƙashin ruwa. Dabarar tawa ce, a tsaye ta zo mini. Kowane falle sai ta sa hannu a bayansa mun duba fatarta. Sau biyu muka yi gardama. Ɗaya na ci, ɗayan na bar mata don yunwa nake ji.

Na kira Sista Hiltrud na ce akwai gyara. Ta ce, "Ista fa?" Na ce Ista tana nan inda take, taga ma haka.

Juma'a, 7 ga Maris

Warware dalmar da ka liƙe da hannunka aiki ne mai cin rai. Gesine na yanka, ni ina haɗawa, don likita ya hana ni kusantar ƙurar gilashi. Yankanta ya kusa nawa. Ban faɗa mata ba, kada kai ya kumbura.

Yaya ta sauko da kek ɗin tuffa ta zauna tana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ta.

Juma'a, 21 ga Maris

An ɗora. Ruwa aka yi ta yi, sama a rufe, ba a ga komai ba. Masu ɗorawa sun ce ta shiga raminta kamar a nan aka haife ta. To, da ma fa. Ni na auna.

Lahadi, 30 ga Maris

Ista. Rana ta fito kafin a fara addu'a. Aka turo gadaje aka jera kusa da tagar. Na tsaya a baya kusa da ƙofa, shuɗina na zuba a kaina, Gesine a gefena. Bangon duk ya zama ruwa. Har Sista Hiltrud, wadda ba ta yabon komai, ta tsaya da littafi a hannu ba ta buɗe ba.

A gado na farko akwai wani tsoho, Wendelin aka ce sunansa, ƙashi da fata. Matarsa na zaune a gefensa da jaka a cinya. Hasken ƙasa ya sauka a goshinsa da kumatunsa, ruwan zuma. Ta gyara masa gashi ta ce, "Kai, yau ka yi kyan gani. Kamar lokacin da kake dawowa daga gona." Ya ce mata, "Ke dai ba ki daina zolaya ba." Amma ya riƙe hannunta.

Na fita waje na ɗan tsaya. Sabon idon nan ruwa yake yi in haske ya yi yawa, likita ya faɗa.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ran Alhamis za a yi na hagu. Gesine za ta riƙe mini aji, na riga na faɗa wa shugaban makaranta, ban tambaye shi ba.

Yau a aji ina nuna musu yadda ake zaunar da ja kusa da kore, na haɗa guda biyu a kan tebur mai fitila. Wata daga cikin sababbin, wadda har yanzu ba ta iya yanka da'ira ba, ta ce, "Malama, a ganina jan nan bai zauna ba." Na ga wani yana matsawa baya da kujerarsa.

Jan ya zauna. Na duba da na dama, na duba da na hagu, ya zauna daram. Na ce mata ta ɗauko su ta jingina a taga, ta gaya mini abin da take gani. Ta yi ta kame-kame, ba ta faɗi abin kirki ba.

Na tabbata ni ce da gaskiya. Na dai ce a bar su a jikin tagar zuwa gobe, mu ga abin da hasken safe zai ce.