Mai Jan Zobe

Daga garin Mulay Busalham

Yaya Nuzha,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya su Ilyas? Mu lafiya. Mama tana cikin fararen kayan takabarta, tana haɗa shayi ta manta ta sha.

Kin tambaya ko na yi kuka. Ban yi ba. A littattafan soyayyar nan da kike min tsiya a kansu, yarinya takan faɗi sumammiya. Ni ranar da aka binne Baba kifin sardin na soya, na ci har biyu. Yaya, anya ina da zuciya kuwa?

Tsuntsayen da ke zuwa da kaka sun sauka a bakin kogi, taɓo ya yi baƙi da su. Mai jan zobe a ƙafa, wadda Baba yake kira Lalla, ita ce ba ta iso ba. Kwalekwalensa yana nan a kife.

Ƙanwarki,
Gizlan

Daga birnin Kenitra

Gizlan sarkin mafarki,

Muna amsawa. Ke dai Allah ya shirye ki, wa ya ce miki da hawaye ake auna zuciya? Amma zamanki ke kaɗai a cikin laka bai kwanta min ba. Na yi magana da Mama. Juma'a bayan mun ci kuskus ɗin rana zan zo in tafi da ke, makaranta tana nan kusa da mu.

Kuma kin ɗauka ban sani ba? Tun bara idon Baba ya tafi. Ke ce kike zama bayansa a kwalekwale kina raɗa masa sunan kowane tsuntsu, shi kuma ya ɗaga yatsa ya nuna wa baƙi masu yawon buɗe ido kamar shi ya hango. Aikin ya ƙare, ƙanwata. Haɗa kayanki.

Yayarki,
Nuzha

Yaya,

Na gaishe ki. To, na haɗa. Duk ɗaya ne a wurina, nan ko can.

Jiya na ɗauki madubin hangen nesansa na yi ta bin su a taɓo, duk inda na nufa su watse. Sai na tuna faɗansa: “Ke 'yar nan, ba a bin tsuntsu. Zauna, in ruwa ya ciko shi zai koro miki su.” Gobe zan zauna. Sallama ce kawai.

Ki shafa min kan Ilyas.
Gizlan

Yaya,

Ta zo. Ruwa ya koro ta har gabana, ta rame, zoben ya koɗe. Ban san lokacin da na karkata hagu na raɗa, “Baba, Lalla ce” ba.

Mama ce ta zo ta ɗaga ni, fararen kayanta duk laka. Har yanzu idona a kumbure yake don kuka, bai buɗuwa sosai.

Ki zo Juma'a, amma na kwance jakar. Ki taho da takalmin roba.

Taki,
Gizlan