Magana Biyu da Ka Faɗa wa Bature

Zuwa ga yayana Garba, can wurin haƙar kuza.

Yaya, cikin magana biyun nan, wacce ce ta hana ka dawowa gida?

Gafarta mini, na sa tambaya gaban gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya sanyin duwatsu? Inna tana gaishe ka, mutanen Beli duk suna gaishe ka. Sai an karanta wasiƙar nan a rumfar Tanko tela ranar kasuwa kafin ta kama hanya, don haka ku masu leƙe, ku matso ku ji da kyau.

Ka tuna littafin Turancin nan marar bango da na tsinta bayan shagon awon gyaɗa a Karaye? Da shi na koya wa kaina karatu, kai kuma ka ce in ba ka guzurin Turanci ko kaɗan ne. Na ba ka "I agree", wato na yarda. Na ba ka "I enjoy my work", wato ina jin daɗin aikina. Kana noma kana maimaita su, har Inna ta ce ko iska ce ta taɓa ka.

Ranar da aka tara ku bakwai a ƙofar dagaci, Bature ya tambaya ko kun yarda ku je aikin kuza na wata huɗu. Shida suka durƙusa suka ce to. Kai ka tuɓe takalmi ka faɗi ta farko da Turanci. Sai ka ga ta yi kaɗan. Mu nan wa ke amsa babba da kalma ɗaya ya ja bakinsa? Ko gaisuwa ce sai ka jera lafiya lau, alhamdu lillahi, mun gode. Sai ka ɗora ta biyu don ladabi, aikin da ko digarsa ba ka taɓa ba tukuna! Bature ya yi dariya, akawunsa ya rubuta.

Shidan sun dawo, kai aka riƙe ka. Da Inna ta je tambaya, akawu ya ce ai ɗanta da bakinsa ya ce yana jin daɗi, don me za a raba mutum da abin da yake so?

Abin nan ya hana ni sakat. Ashe Turawa sun ware wa ƙafa maganarta, wato na yarda in je, sun ware wa zuciya tata, wato ina jin daɗi. To su ma haka suke yi a garinsu? In Bature ya ce wa ubangidansa yana jin daɗin aiki, riƙe shi ake yi, ko ana gane ladabi ne kamar namu? Na duba littafin, shegen ya yage daidai inda nake sa ran bayani.

Yanzu an kira sunana. Ran Laraba zan tsaya inda ka tsaya, kuma in aka riƙe ni, Inna ba ta da mai kama mata fartanya. Na yanke zan faɗi ta farko kawai in kulle bakina, dattawa su ce ɗan nan ba shi da tarbiyya. Amma ita ma tana maƙale mini a wuya, don wallahi ban yarda ba. Na nemi ta uku, ta mutumin da zai tafi don ba yadda zai yi, ban same ta ba.

Ni na sa maka maganar a baki, Yaya. Ka yafe mini. Galmarka tana inda ka jingine ta, ban bar kowa ya ara ba.

Allah ya tsare ka daga ramin nan, ya dawo mana da kai Inna tana da rai. Amin.

Ƙaninka, Habu.

Kai kuma malam akawu, na san maganar za ta iso kunnenka. Ka zo rumfar nan kafin Laraba ka faɗa a gaban jama'a: da wace maganar Turanci mutum ke cewa ya gaji, a mai da shi gida? Ka faɗe ta in rubuta, in aika wa yayana.